An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

A watan Nuwamba na 2025, a wani taro da British Council ta shirya a Abuja, Ministan Ilimi Dakta Tunji Alausa ya sanar da cewa gwamnatin tarayya ta soke manufar koyar da yara da harshen uwa. Daga yanzu Turanci ne harshen koyarwa, tun daga ajin share fage har jami'a. Hujjar da ya kawo ita ce yankunan da suka fi rungumar harshen gida su ne suka fi faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. Ba sai an kama suna ba, mu 'yan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa mun san da wa ake.

To, bari mu yi ɗan lissafi. A ƙarshen Nuwamba na 2022 majalisar zartarwa ta amince da wannan manufa, lokacin Malam Adamu Adamu yana minista, kuma shi da bakinsa ya ce aiwatarwa sai an tanadi littattafai da malamai. Yaron da ya shiga aji ɗaya bayan wannan sanarwa bai wuce aji uku ba a ranar da aka soke ta. Ɗalibin da ya zauna WAEC a 2025 kuwa ya bar firamare tun wajen 2019. Ta yaya dokar da aka haifa bayan ya bar firamare za ta kayar da shi? Mu da muke sana'ar rubuta manhajar kwamfuta, idan manhaja ta lalace a hannun jama'a, abin da muke fara bincika shi ne wane sashe ne yake aiki a lokacin. Wanda ya ɗora laifin a kan sashen da ba a taɓa kunnawa ba, ko dai bai iya aikin ba, ko kuma akwai abin da yake karewa.

Za a ce ai tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a koyar da shekarun farko na firamare da harshen yankin. Haka ne, a takarda. Amma duk wanda ya yi firamare a Gwarmai ko Dangora ko Yaryasa ko Burji ya san abin da ke faruwa a cikin aji. Littafin lissafi da Turanci yake. Malam ya kwafe shi a allo da Turanci, ya karanta, yara su maimaita da ƙarfi har a ji su a bakin hanya. In ya ga idanu sun yi fari, sai ya juya ya yi bayani da Hausa a gurguje, kamar mai satar hanya, don shi ma an nuna masa yin hakan gazawa ce. Ranar jarrabawa a dawo da Turanci. Wannan ba koyarwa da Hausa ba ce, ba kuma koyarwa da Turanci ba ce. Hadda ce ta sautin da yaro bai san ma'anarsa ba. Zai iya rera maka ma'anar kalma tiryan-tiryan, amma ka ce ya nuna maka abin a cikin ajin, sai ya sunkuyar da kai. Yarinyar da take ba da canji daidai a tallan awara ba tare da ta yi kuskuren naira ɗaya ba, ita ce ake rubuta wa sifili a ɗebewa, saboda an tambaye ta da bakin da ba ta ji.

Abin haushin, muna da hanyar da ta yi aiki shekaru ɗaruruwa a zaurukanmu. Malamin da ke karantar da Ahalari ko Ishmawi ko Risala yakan ja Larabcin gaɓa-gaɓa, yana fassarawa da Hausa, har ɗalibi ya kai inda zai buɗe littafi shi kaɗai. Da haka ƙasar nan ta samu alƙalai da marubuta Larabci. Babu wanda ya taɓa cewa Hausa ce ta hana su iya Larabci. Ita ce ma tsanin da suka taka. Me ya sa da aka zo kan Turanci sai aka ce a jefar da tsanin, yaro ya yi tsalle?

Kuma an gwada a boko. Daga 1970, Farfesa Aliyu Babatunde Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da wasu yara duk darussa da Yarbanci tsawon shekara 6, Turanci kuma aka ba shi matsayin darasi mai zaman kansa. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a wasu darussan ma sun fi su. Sirrin shi ne an zauna an rubuta littattafan, an horar da malaman. Kuɗi da gumi ke nan, abin da gwamnati ke gudu. Masu cewa Hausa ba za ta ɗauki kimiyya ba kuwa, su nemi Ikon Allah na Rupert East da Abubakar Imam, wanda aka buga tun kafin mu samu 'yancin kai.

Kada a fahimce mu a baibai. Da Turanci muke cin abinci; harsunan da muke rubuta manhaja da su cike suke da kalmominsa, kuma muna son yaron Riruwai ya iya shi fiye da mu. Amma wa zai koya masa? Sanarwar Abuja ba ta ƙara ko malami ɗaya mai ƙwarewa a Turanci a ƙauyukan gefen dajin Falgore ba. Ɗan mai hali a birni, da ke jin Turanci a gida da talabijin da makarantar kuɗi, babu abin da ya sauya masa. Ɗan manomin rani a bakin madatsar Tiga shi ne zai ci gaba da shekara 6 yana kallon bakin malam. Gobe shi ne zai riƙe kwalbar maganin feshi bai iya karanta gargaɗin da ke jikinta ba, shi ne zai miƙa wa mai POS katinsa har da lambar sirri saboda saƙon banki ya fi ƙarfinsa.

Akwai wata gaskiya da mu Hausawa ba mu cika son ji ba. A Doguwa da Tudun Wada akwai Kurama, akwai kuma rugagen Fulani ko'ina a yankin, waɗanda ba Hausa 'ya'yansu suka fara ji a bayan uwa ba. In mun ce harshen uwa, har da nasu muke nufi, aƙalla a shekarun farko. Idan muka danne su da Hausa, mun yi musu abin da muke kuka an yi mana.

Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, kuma jiha da ƙananan hukumomi su ke riƙe da firamare, ba Abuja ba. Muna kira ga gwamnatin Kano ta zaɓi makarantu a waɗannan ƙananan hukumomi 4, ta buga littattafan lissafi da kimiyya da Hausa, ta ware malamin Turanci na musamman, ta auna yaran kowace shekara, ta wallafa sakamakon kowa ya gani. Jami'ar Bayero tana da masana harshen da za su tace kalmomin. Mu kuma za mu ɗora littattafan a waya kyauta, da sauti, don uwar da ba ta yi boko ba ta ji abin da aka koya wa ɗanta yau.