Shirun masu saye a kasuwar albasa ba na banza ba ne

A wasan karta na birij, wanda Ba'amurke Harold Vanderbilt ya tsara fasalinsa na zamani a 1925, mutum huɗu ke zama, biyu-biyu, su yi tayi kafin a fara jefa kati. Abokan wasa kan yi wata yarjejeniya: idan ta tabbata ƙarfin kati na ɓangarensu ne, abokan hamayya kuma suka ɗaga tayi don su takura su, wanda ya ce ya wuce ba janyewa ya yi ba. Umarni ne ga abokinsa, ko ya ƙara tayi, ko ya ninka wa abokan hamayya tara. Sai dai dokar wasan ta wajabta a bayyana wa ɗaya ɓangaren ma'anar wannan shiru.

Manomin albasa da tafarnuwa a Wurno, Rabah da Goronyo ya san irin wannan shirun, amma shi ba mai fassara masa. Zai sauke buhunansa, mutum ɗaya ya taya, sauran su kau da kai kamar ba su ga kayan ba. Ga kuɗin mota, ga bashin taki da man injin ban ruwa, ga rana tana yi. Daga ƙarshe ya sallama a kan asara.

Ba kowane dillali ne macuci ba, kuma la'ada haƙƙinsa ce. Amma ya kamata shugabannin kasuwa da ƙungiyoyin manoma su tsaya a riƙa tayi a fili, a faɗi la'ada tun kafin ciniki, a hukunta masu haɗa baki. Idan 'yan karta sun haramta yarjejeniyar ɓoye a kan wasa, ina ga gumin manomi na wata huɗu?