Daga allon tsangaya zuwa gilashin waya: Wa aka tsara wa manhajojin karatunmu?

A shekarar 2025 ministan ilimi na tarayya, Dakta Tunji Alausa, ya bayyana aniyar gwamnati ta mayar da jarrabawar WAEC da ta NECO kan kwamfuta daga 2026. Kafin shekarar ta ƙare Majalisar Wakilai ta nemi a jinkirta, bisa hujjar cewa makarantu da yawa, musamman na karkara, ba su shirya ba. Muhawarar da ta biyo baya kusan duk a kan abu uku ta tsaya: wutar lantarki, yawan kwamfutoci da ƙarfin intanet. Dukkansu damuwa ce ta gaskiya. Sai dai akwai tambaya ta huɗu da ba mu cika yi ba, alhali ita ce ɗalibi ke cin karo da ita bayan an kawo wuta an kunna na'ura: shin ya gane abin da ya bayyana a gabansa? Ya san inda zai danna, da abin da zai faru in ya danna?

Wannan shi ne batun tsarin fuskar manhaja, wato yadda aka jera rubutu da madannai da matakan da mutum zai bi kafin ya isa ga darasi. Mu mazauna Dutse da kewaye lamarin ya riga ya shigo gidajenmu. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha, ga cibiyar jami'ar karatu daga gida ta NOUN, garin ya zama matattarar ɗalibai, kuma rajista da biyan kuɗi da duba sakamako sun koma intanet. Duk wanda ya ga cincirindon matasa a shagunan kwamfuta lokacin rajista, wasu tun daga Kiyawa da Jahun da Miga da Birnin Kudu, ya ga amsar tambayarmu. Aikin da aka ce ɗalibi zai yi da kansa ya koma sai da ɗan tsakiya, wanda za a biya kuɗi, a kuma miƙa masa kalmar sirri.

Hukumar JAMB ta taɓa ba mu darasi a nan. Ta fara jarrabawa ta kwamfuta a 2013, ta mayar da kowa kanta a 2015. Yara da yawa a ɗakin jarrabawa suka fara riƙe linzamin kwamfuta a rayuwarsu, lokaci yana tafiya suna kokawa da kibiyar da ke yawo a allo. A 2017, ƙarƙashin Farfesa Is'haƙ Oloyede, hukumar ta ɓullo da tsarin madannai takwas: A, B, C da D don zaɓen amsa, N don zuwa gaba, P don komawa baya, S don miƙa aiki, R don janyewa in an danna bisa kuskure. Tambayoyin suna nan da nauyinsu, ƙofar shiga kawai aka faɗaɗa. Wannan ya nuna cewa wani abin da muke ɗora wa ƙwaƙwalwar yaro, laifin tsari ne.

Yawancin manhajojin karatu an gina su ne a kan zaton kowane ɗalibi yana da wayarsa, da adireshin imel, da datar da ba ta yankewa, da Turancin da zai karanta saƙon gargaɗi. A gidajenmu kuwa sau da yawa waya ɗaya ce, ta maigida ko ta babban wa, ba ta zuwa hannun yarinya mai shirin jarrabawa sai bayan sallar isha'i. In shafi ya goge duk abin da ta cike saboda sabis ya ɗauke na minti ɗaya, ko darasi ya zo a bidiyo mai cinye datar mako guda, to an rufe mata ƙofa ba tare da kowa ya ce kada ta shiga ba. Mu kwatanta da yadda karatun malamai ya bazu ta WhatsApp: madanni ɗaya, sai murya ta fito da Hausa, ana iya ajiye ta a saurara ba data, a kuma tura wa maƙwabci. Haka a 2020, da annobar korona ta rufe makarantu, rediyo jihohin Arewa da dama suka koma wa, don kowa ya san yadda ake murɗa shi. Dandalin Nigeria Learning Passport da ma'aikatar ilimi ta tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a watan Maris na 2022 ya zo da darussa har da na Hausa, kuma wannan ci gaba ne. Ma'aunin da ya dace da shi da ire-irensa guda ne: yaro ɗan aji huɗu a Buji zai iya kai kansa ga darasin ba tare da an riƙe masa hannu ba?

Inda lamarin ya fi taɓa mu shi ne karatun Alƙur'ani. Tsangayoyin ƙasar Hausa da riwayar Warshu suke karatu, da rubutun da ya samo asali daga Magrib. Mafi yawan manhajojin waya kuwa da riwayar Hafsu suke buɗewa, a kan tsarin bugun Madina mai shafi 604 da layi 15 a shafi. Duka riwayoyin ingantattu ne, babu saɓani a kan wannan, kuma a gida ɗaya za a tarar da ɗan Islamiyya mai Hafsu da ɗan allo mai Warshu. Amma mu duba abin da gardi zai gani. A allonsa harafin fa ɗigo ɗaya gare shi a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. A rubutun gabas fa ce mai ɗigo ɗaya a sama, ƙaf tana da biyu. Ke nan abin da manhaja ta rubuta a matsayin fa, idonsa ƙaf zai karanta. Ƙidayar ayoyi ma ta bambanta: 6,236 a lissafin mutanen Kufa da ake bi a Hafsu, 6,214 a lissafin Madina da ake bi a Warshu, don haka lambar aya ba lalle ta kai shi inda yake nema ba. Shi kuma da izu sittin da sumuni yake auna karatunsa, yana kiran izu da kalmar farkonsa, manhaja tana tambayarsa juzu'i da lambar shafi. Mutumin da ya haddace Littafin Allah sai ya zama baƙo a gaban waya. Wasu manhajojin suna da zaɓin Warshu, amma an binne shi can cikin saituna, da Turanci ko Larabci.

Uzurin fasaha ya ragu. Tun 2016 ƙungiyar Unicode, mai tsara lambobin haruffan duniya a kwamfuta, ta shigar da fa da ƙaf da nun irin na rubutunmu, daga baya kuma aka fitar da salon rubutun kwamfuta mai suna Alkalami, wanda aka zana bisa hannun marubutan Kano. Abin da ya rage shi ne masu gina manhaja su yi amfani da su. Haka a boko: wanda ke neman kalma a tarjamar Shaikh Abubakar Mahmud Gumi da wayar da ba a saita mata ƙ da ɗ da ɓ ba, bai kamata akwatin bincike ya ce masa babu ba don ya rubuta "kasa" a maimakon "ƙasa". Sannan ga tallace-tallacen da ke faɗowa a manhajojin kyauta, wani lokaci na caca ko hotunan da ba su dace ba, daf da ayar da yaro ke bita. Wannan ma ɓangare ne na tsari, kuma iyaye suna da haƙƙin tambaya a kansa.

Ya tabbata cewa lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki Mu'azu da Abu Musa zuwa Yaman, ya umarce su da sauƙaƙa wa mutane da nisantar korar su. Malamin allo ya daɗe da riƙe wannan: yana rubuta wa yaro gwargwadon abin da zai iya ɗauka, ba ya ƙara masa sai ya biya ya wanke. Allo tsari ne da aka auna da mai karatu.

Saboda haka muna kira ga hukumomin ilimi na Jigawa, kafin a biya kuɗin kowace manhaja, a kai ta makarantar ƙauye, a sa yara su gwada a ƙaramar waya mai araha, jami'ai suna kallo ba tare da sun sa baki ba. Inda yara suka tsaya cirko-cirko, nan ne gyara yake. Ɗalibanmu masu nazarin kwamfuta a Dutse su zauna da alarammomi su gina mana manhajar Warshu mai izu da sumuni da madannai na Hausa, wadda ke aiki ba data. Malamai su duba manhaja kafin su ba almajirai shawarar ɗaukarta. Iyaye kuma su tabbatar yaro ya zauna gaban kwamfuta, ko da a jarrabawar gwaji ta JAMB ce, tun kafin ranar da makomarsa za ta rataya a kan madanni. In yaro ya kasa, mu fara tambayar yadda aka gina ƙofar kafin mu yanke masa hukunci. Allah Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, Ya sauƙaƙa musu hanyarsa.