Tsakanin Dillali da Ejan: Abin da Na Gani a Dutse Alhaji

A hutun da ya gabata na raka yayana neman gidan haya a Dutse Alhaji, wani gari da ke cikin Ƙaramar Hukumar Bwari, kusa da Kubwa. Ya sami aiki a cikin birnin Abuja, amma albashinsa ba zai kama masa ko ɗakin maigadi a Wuse ba.

Ejan ɗin da muka fara samu bai ɗaga ƙafa ba sai da ya karɓi abin da ya kira kuɗin dubawa. Ya nuna mana ɗaki da falo, ya yanka kuɗi. Washegari wani ejan ya sake kai mu wannan gidan dai, sai ga farashi ya ƙaru. Da Allah ya haɗa mu da mai gidan, ashe mutum uku ne tsakaninmu da shi, kowa ya ɗora nasa. Bayan haka ga la'ada kashi 10 cikin 100, ga wani kashi 10 na lauyan da har muka tare ba mu ga ƙeyarsa ba.

Mai karatu, mu ɗaliban harshe ya kamata mu tsaya a kan kalmar nan "ejan". Me ya sa Bahaushe ya aro ta alhali yana da "dillali"? A ganina, don ya lura ba abu ɗaya ba ne. Dillali, wanda shi ma aro ne daga Larabci, mutum ne mai mazauni, mai ubangida, kuma akwai Sarkin Dillalai da za a kai ƙararsa. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo ta Ibadan, ya bayyana yadda ake sayar da shanu bashi ta hannun dillalai, idan mahauci ya ƙi biya maigidan dillali ne ke ɗaukar nauyin kuɗin bafatake. Wato sunansa ne jarinsa. Kuma ba ya cin la'ada sai an ce an sallama. Ejan kuwa jarinsa wayar hannu, in ya kashe ta shi ke nan.

Ban ce su kaɗai suka tsadar da gidaje ba. Rusau ɗin da aka yi zamanin minista Nasir El-Rufa'i, daga 2003 zuwa 2007, ya turo jama'a garuruwan gefe, har yau kuma shigowa ake yi. Amma wanda ladansa ke ƙaruwa duk lokacin da haya ta hau, ta yaya zai nemo maka sauƙi? Da zarar ya raɗa wa mai gida cewa maƙwabcinsa ya ƙara, layin gaba ɗaya ya tashi.

Na sayen fili ya fi muni. A Abuja ƙasa ta gwamnatin tarayya ce, minista ne ke da ikon ba da takardar mallaka, kuma tun 2003 akwai ofishin AGIS da ake tantance takardu. Duk da haka ejan zai miƙa maka takardar mai unguwa ya ce ta wadatar, ran da katafila ta iso ba ya nan.

Akwai hukumar ESVARBON da aka kafa a 1975, amma masana ƙimanta kadara take yi wa rajista, hannunta bai kai ga saurayin da ke zaune a bakin kasuwar Dutse ba. Jihar Legas ta yi doka a 2022 da ta wajabta wa masu wannan sana'a rajista. Me zai hana Bwari ta buɗe nata kundin? Kowane ejan ya kasance da kati, da shago, da dattijon da zai tsaya masa, a kuma hana karɓar ko sisi kafin ciniki ya faɗa.

Wani abokina ya ce min samari ne marasa aikin yi, a bar su su ci abinci. Na yarda. Sai dai yayana ma bashi ya ci ya biya su, kuma har yanzu ana cire masa a albashi.