Ba Tsufa Ba Ne Kaɗai: A Duba Jinin Iyayenmu

Jama'a, akwai maganar da ta zauna mana a baki, tana kuma cutar da iyayenmu. Baba ya tashi zai tafi masallaci jiri ya kwashe shi, sai mu ce tsufa ne. Inna ta yi 'yar shara ta zauna tana haki, tafin hannunta ya yi fari fat, sai mu ce jiki ne da jini. Alhali sau da yawa abin da ke cin su ƙarancin jini ne, kuma yana da magani.

A cikin ɓargo ake ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Kowace ƙwaya kimanin kwana 120 take yi ta mutu, don haka kullum sai jiki ya ƙera sababbi. Aikin ba ya yiwuwa sai da sinadarin ayon, da folik asid, da bitamin B12. Shi B12 daga nama, hanta, kifi, ƙwai da nono ake samun sa. To ku duba kwanon tsohon gidanku: koko da safe, shayi da burodi, tuwo da dare. Haƙora sun zube, nama ya gagari tauna, ɗan yankan da aka saka masa ma jika yake miƙa wa.

Ko da ya ci, cikin tsoho ba ya tatsar B12 daga abinci kamar na yaro, domin ruwan tumbi mai narkar da abinci yana raguwa da shekaru. Wanda ya daɗe yana shan metformin saboda ciwon suga, ko omeprazole saboda gyambon ciki, ya fi shiga haɗari. Hanta kan ajiye wannan bitamin na shekaru, shi ya sa cutar ke shigowa a hankali: kasala, zafin harshe, ƙafafu su riƙa dindiris, tafiya ta zama tangaɗi, mantuwa ta yi yawa. Tsofaffi nawa aka ce sun rikice, alhali jijiyoyinsu ne ke kukan yunwa?

A nan ne muke tafka babban kuskure. Da an ce jini ya yi ƙasa, sai a ruga kemis a sayo maganin ƙarin jini, ko a haɗa lemon kwalba da madarar gwangwani. Ku sani, folik asid yana iya gyara jinin mai ƙarancin B12, a ga ya murmure, amma jijiyoyi na ci gaba da lalacewa a ɓoye, kuma in an makara ba sa komawa daidai. Haka kuma ƙarancin ayon a jikin dattijo kan nuna jini na tsiyaya a ciki, ko daga gyambo, ko daga yawan shan maganin ciwon gaɓoɓi irin su diclofenac, ko ma daga ciwon daji na hanji. Wani kuma ƙoda ce ta gaza. Ƙwayar ƙarin jini ba ta toshe waɗannan ƙofofi.

Saboda haka mu tashi. Ku kai Baba da Inna asibiti a auna jininsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce himoglobin ƙasa da 13 ga namiji, ko ƙasa da 12 ga mace, ƙarancin jini ne. In ya yi ƙasa, kada ku bar wurin sai kun tambayi likita dalili. In B12 ne, akwai ƙwaya, akwai allura, kuma wani sai ya ɗore a kai har ƙarshen rayuwarsa. Ku tabbatar bai yanke ba.

Uwargida, a daka nama ya yi laushi, a dafa hanta da ƙwai, a dama fura da nono. A yawaita wake, zogale da alayyahu, kada a bar ganye ya dahu har ya mutu a tukunya. A raba shayi da lokacin cin abinci, domin yana hana jiki ɗaukar ayon, a maye gurbinsa da lemon zaƙi ko gwaiba.

Malamai, ku faɗa a mumbari. Masu kemis, ku ji tsoron Allah, ku tura tsoho gwaji kafin ku miƙa masa kwalba. Ku kuma 'ya'yan da ke aiko da kuɗin cefane daga birni, ku ware na gwajin jini a cikin wannan watan. Iyayenmu sun ɗauke mu zuwa asibiti lokacin da ba mu iya cewa ga inda ke ciwo. Yanzu mu ne da ɗaukar su. Allah Ya ba mu ikon sauke wannan haƙƙi, Ya ƙara wa iyayenmu lafiya.