Abin da Fayil ɗin Malami Ba Ya Nunawa

A 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa, ta bayyana cewa 21,780 sun faɗi, ta sallame su, ta ɗauki sababbi. A takarda, an cike gurbi. Sai dai fayil ba ya nuna malamar da ke koya wa sabon ɗauka tsara darasi, ko malamin da iyayen Tudun Jukun ke jin maganarsa idan yarinya ta bar aji ta koma talla.

Masu binciken kula da ma'aikata yanzu suna zana taswirar wa ke neman shawarar wa, domin gwanintar aiki ta hannun abokan aiki take bi. Tun 1973 Mark Granovetter ya nuna cewa sabon labari yakan iso ne ta bakin wanda aka sani sama-sama. Don haka ba canjin makaranta muke ƙi ba; yana kai dabara inda babu ita.

Roƙonmu ga SUBEB: kafin a sa hannu kan jerin canji, a tambayi malaman kowace makaranta wurin wa suke zuwa idan aiki ya cije, kuma kada a ɗauke irin waɗannan biyu a zango ɗaya.