BAƘON KASUWAR DUNIYA AMANA NE

Duk shekara, galibi tsakanin Fabrairu da Maris, garin Kaduna kan cika da baƙi saboda Kasuwar Duniya da ake ci a filin baje koli na hanyar Zariya. Tsohuwar kasuwa ce, domin a 2019 aka ci karo na 40. Kano ma tana cin tata a ƙarshen shekara. A kan yi ta maganar rumfuna da manyan da za su buɗe taro, amma da wuya a ji mai tambayar inda ƙaramin ɗan kasuwan da ya taso daga Maraɗi ko Damagaram zai sa haƙarƙarinsa.

Alhali kuwa magabata sun daɗe da warware wannan matsala. A zamanin fataucin goro zuwa Gwanja, in falke ya isa Salaga, wajen fatoma yake sauka. Fatoma shi zai ba shi ɗaki da abinci, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya yi masa tafinta, in an ɗauki kaya bashi ya tsaya masa har kuɗi su fito. Abin da yake samu la'ada ce sananniya, ba ɓoye-ɓoye. Ya kuma san cewa ran da ya ci amanar baƙo guda, labari zai riga ayari isa gida, baɗi ba mai sauka wajensa.

To yau fa? Da an ji harshen mutum ya bambanta, sai kuɗin ɗaki ya ninka. Mai Keke Napep ya zagaya da shi gari kan tafiyar da ba ta kai ta kawo ba. Ɗan canji ya ƙware shi a sefa saboda bai san farashin ranar ba. Wai duk wannan sunansa wayo. Wal'iyazu billah! Zalunci ne tsagwaronsa, kuma a kan mutumin da addini ya yi umurni a karrama.

Abin lura shi ne, waɗanda baƙo ke fara cin karo da su ba manyan jami'ai ba ne. Matasa ne: direba, ɗan dako, mai shayi, yaron otal. A cikinsu akwai 'yan'uwa da dama, don haka gyaran a hannunsu yake. Wanda ke jin Faransanci ya taimaka da tafinta. Wanda gidansu ke da shago ko zaure ya sauki mutum biyu. Mai abin hawa ya faɗi kuɗin da yake faɗa wa ɗan gari, ya nuna wa baƙo masallaci da inda abinci ke da sauƙi.

Su kuma ƙungiyoyin 'yan kasuwa masu shirya taron, KADCCIMA a Kaduna da KACCIMA a Kano, ya kamata su ajiye masu tarbar baƙi a manyan tashoshin mota, ɗauke da sunayen masaukai da farashinsu a rubuce da Hausa da Faransanci, tun kafin ranar buɗewa.