Malami Da Koyon Kwamfuta Da Kansa

Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta. Ke nan yaron Ɗanzomo da bai taɓa riƙe linzaminta ba zai yi gogayya da ɗan birni, kuma malaminsa ne madogararsa. A ganina, malamin da ya zauna jiran a kira shi bita zai daɗe bai fara ba.

Dubi yadda mai koyon gyaran waya yake somawa da matacciyar waya: ya kwance, ya ɗaure, ya ɓata, ya sake. Haka ya kamata ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Gumel ya yi. Ya ɗauki aiki guda, kamar buga sakamakon jarrabawar aji, ya yi ta fama da shi. Inda ya cije, sai ya tambayi wanda ya fi shi sani, ko da ƙanensa ne.